Irin Geron Dakko

Alhamis, 29 ga Mayu, 2025

Yau kwana 40 ke nan da Ista, ranar da ake tunawa da hawan Yesu sama. A majami'armu ba mu saba yi mata taro ba. Bana dai Fasto ya ce mu ɗauki kwana goman da ke tsakaninta da Fentikos mu riƙa haɗuwa kullum da ƙarfe biyar, mu watse kafin magariba, don yanzu a Talata Mafara ba mai son dare ya same shi a waje. Ya ce umarnin da aka bar wa almajirai ke nan: kada su bar Urushalima, su zauna su jira har a ba su iko daga sama. Mu 17 muka zo, har da yara. Ya roƙi kowa ya riƙa rubuta abin da ya roƙa da abin da ya gani a kwanakin nan, shi ya sa na zaro tsohon littafin da nake lissafin taki a ciki.

Tun da safe rediyo ke jero nasarori, saboda yau gwamnatin tarayya da ta jiha suka cika shekara biyu: tituna kaza, makarantu kaza. Ina ji ina ɗinke bakin buhu. Nawa lissafin gajere ne. Buhu 19 na shanshera na samu a noman ranin bana, a filin da bara ya ba ni 34. Farashin shinkafa ya sauko, na taki ya hau. Ba ni da injin ban ruwa, ba ni da shanun huɗa, ba ni da babur, ba ni kuma da ƙanena.

Da Fasto ya ce kowa ya faɗi irin ikon da yake nema, wasu suka ce lafiya, wasu suka ce aiki ga 'ya'yansu. Ni na ce ikon miƙewa in mayar da abin da na rasa. Aka ce amin.

Juma'a, 30 ga Mayu

Da hantsi yara suka ce ana sallama. Na fito na tarar da ita tsugune a gindin darbejiya, ta ajiye takalmanta gefe. Na gane ta tun kafin ta ɗago kai. Uwar yaron nan ce.

Zan rubuta wannan sau ɗaya, ba zan sake ba. A watan Oktoban bara, ana ɗiban wake, ɓarayin daji suka ɗauke ƙanena a gonarmu ta tudu, can wajen Dakko a ƙasar Bakura. Kwana 41 ya yi a hannunsu. Muka sayar da injin da shanun biyu da babur, ikilisiya ta haɗa, maƙwabta suka haɗa, aka kai. Ya dawo ƙafafu a kumbure, cikinsa ba ya riƙe abinci, ya yi mako uku ya rasu. Kafin ya rasu ya gaya mini cewa a darensa na farko a daji ya ji wata murya da ya sani tana lissafa musu abin da muka mallaka, har da launin shanun. Muryar yaron da ya yi mana ƙwadago damina uku ce, wanda ya ci tuwo a kwano ɗaya da 'ya'yana. Tun lokacin ba a sake ganinsa a ƙauyensu ba. Ya bar uwa da mata da ƙananan yara uku, da sunan gidan infoma a kansu.

"Malam, ina kwana. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Inna."

Ta daɗe tana zanen ƙasa da tsinke, sannan ta ce, "Irin gero nika biɗa, ko tiya biyu. Wanda munka aje mun cinye shi tun cikin azumi. Garinmu babu mai ba ni. Kowa ya gan ni sai shi kau da kai."

Irin da take nufi na ƙanena ne. Shi ke bin gona kafin girbi yana zaɓen zangarniyoyin da suka fi cika suka kuma riga nuna, ya ɗaure su daban ya rataye a rumbu. Ya fi shekara goma yana tace shi, har mutanen wajen suka san shi, don yakan nuna kafin ruwa ya ɗauke. Na bara yana nan a rataye, ba wanda ya taɓa.

Na ce, "Inna, ki je, zan duba." Ta ce za ta shigo kasuwa ran Talata. Sai da ta yi nisa na tuna ko ruwa ban sa an ba ta ba.

A wurin addu'a bakina ya yi nauyi.

Asabar, 31 ga Mayu

Babban ɗana ya kira daga Abuja. Ya fara da ambaliyar da ta afka wa Mokwa shekaranjiya, inda aka tabbatar mutum sama da 150 sun mutu, muka yi ta jajanta wa juna. Sannan ya shiga abin da ya kawo shi. Majami'arsu ta sa wa Yuni suna watan buɗi. Ya ce, "Baba, shekara kusan arba'in kana bauta wa Allah a wurin nan, me ka tara? Ɗan Sarki ba ya zama cikin rashi. Ka shuka iri mai nauyi a watan nan ka ga ko Allah ba zai ninka maka ba. In kuwa ba haka ba, ku tattara ku dawo nan."

Iri a bakinsu kuɗi ne da ake aika wa mai wa'azi. Jiya tsohuwa ta roƙe ni iri, yau ɗana ya ce in shuka iri. Ban gaya masa zuwanta ba.

Ban kuma yi masa faɗa ba. Ƙauna ce ta sa shi magana, kuma kusan rabin kuɗin fansar daga albashinsa da bashin da ya ci suka fito. Ba na cikin masu cewa talauci tsarki ne. Na yi aikin malamin gona shekara 35, na ga yadda yunwa ke rage mutum, na ga uban da ya aurar da 'yarsa saboda buhun dawa. Duk wanda ya ce Allah na jin daɗin wannan bai san Allah ba. Amma akwai abin da ke damuna a wannan koyarwa tun da ta fara shigo mana ta kaset da talabijin. Ta mai da Ruhu Mai Tsarki kamar taki: zuba buhu kaza, kwashi buhu kaza. A sura ta 8 ta Ayyukan Manzanni akwai wani Siman na Samariya da ya ga ikon da ke tare da manzanni ya ciro kuɗi zai saya, Bitrus ya tsawata masa ya ce ya je ya tuba. In har wadata ce shaidar cewa ikon Allah na kan mutum, to ƙanena fa, da ya koyar da yara a makarantar Lahadi shekara 20 ya mutu da riga biyu? Da wannan ma'aunin, waɗanda suka ƙirga kuɗinmu a daji su ne masu albarka.

Na ce masa, "Na ji. Allah ya yi maka albarka, ka gaida iyali."

Lahadi, 1 ga Yuni

Mu 43 a sujada. Na san lokacin da benci ba ya isa, ga ma'aikatan madatsar ruwa, ga 'yan kasuwa, ga ɗaliban kwalejin Abdu Gusau. Wasu sun tafi a 2000 da aka soma aiki da shari'a, ko da yake mu da muka zauna mun ci gaba da sujadarmu. Wasu suka tafi bayan Agustan 2016, lokacin da aka zargi wani ɗalibi da ɓatanci aka yi masa duka, aka kuma ƙone gidan mutumin da ya kai shi asibiti, mutum 8 suka mutu. In an tuna ranar nan masu wutar ake ambata, ni kuwa mutumin da ya tsaya ya ɗauki yaron nake tunawa. Sauran suka tafi a 2021, shekarar da aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe, aka shiga kwalejin noma ta Bakura, aka ɗauke ɗalibai a Kaya ta Maradun, har aka rufe layukan waya da kasuwannin mako.

Fasto ya yi wa'azi a kan Yusufu, daga Farawa 39, ya nuna mana abin da na karanta sau da yawa ban lura ba. Sau biyu surar ta lasafta shi cikin masu nasara, kuma a duka biyun ba shi da ko taro: na farko bawa ne a gidan Fotifar, na biyu ɗan kurkuku ne a kan ƙazafi. Surar ba ta jira ya zama waziri ba. Dalilin da ta bayar ɗaya ne, cewa Ubangiji na tare da shi, alamar da ta nuna kuwa ita ce duk abin da aka damƙa masa ba a sake waiwayarsa. Fasto ya ce da Hausa sunan wannan amana.

Na ji daɗin wa'azin har na manta da kaina. Sai aka miƙe Addu'ar Ubangiji. Da aka zo inda muke roƙon a yafe mana gwargwadon yadda muke yafewa, na rufe baki. Tun Disamba nake rufe baki a wurin. Uwargida ta daɗe da lura, ba ta taɓa magana ba. Ni kuwa dattijo ne a ikilisiya, ni ke zagayawa da gurasa ranar Jibin Ubangiji.

Litinin, 2 ga Yuni

Na je filin shinkafa in gyara kunyoyin fangali, da rana ta yi zafi na zauna a bakin kanal.

Duk mai son ya koyi bambancin girman aiki da nasara, ya zo Bakolori. A nan aka tare kogin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, aka gama madatsar a 1978. An tsara ta shayar da hekta 23,000, mafi yawa ta bututun feshi. Ruwa ya cinye gonaki da gidajen mutanen Maradun. Manoman da aka karɓe wa filaye suka nemi diyya, suka tare hanyoyin aiki, a watan Afrilun 1980 aka turo musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, masu bincike daga baya suka ce mamatan sun haura 300. Na zauna da tsofaffin da suka ga ranar, ba su cika son a tayar da zancen ba. Ni na zo a 1986 ina saurayi, ina alfahari da samun aiki a ɗaya daga cikin manyan ayyukan noma na ƙasa. A kan idona bututun feshin suka mutu, kanal ya cika da laka da ciyawa, sai a 'yan shekarun nan aka yashe aka gyara da kuɗin Bankin Duniya.

Abin da ya riƙe wurin nan a shekarun da aka manta da shi ba ya cikin kowane rahoto: manoman da ke fitowa da shebur su yashe ɓangarensu, da mai buɗe ƙofar ruwa da bai karɓi na goro ya ba na gaba ya hana na baya ba. Na san mutum biyu masu irin wannan hali, ɗaya Musulmi ne mai yawan azumi. Sun yi ritaya hannu rabbana. Ban taɓa shakkar cewa a gaban Allah sun fi madatsar nauyi ba.

Da yamma aka karanta Zakariya 4, inda aka gaya wa Zarubabel cewa Ruhun Allah ne zai kammala ginin, ba ƙarfin damtse ba.

Talata, 3 ga Yuni

Kasuwar ƙarshe kafin babbar sallah. Raguna ko'ina, masu tayi sun fi masu saye. Na kai buhu huɗu na sayar don in sayi taki.

Na hango ta a layin masu hatsi, tsaye da buhu a naɗe a hammata, tana duban fuskokin mutane. Ni take nema. Na juya na bi ta bayan 'yan tireda, na ratsa ta wajen maƙera, na fita ta hanyar da ba tawa ba. Zuciyata na bugawa kamar wanda ya yi sata.

Ban je addu'a ba. Na ce kaina ke ciwo.

Laraba, 4 ga Yuni

Barci ya ƙi zuwa. Na ɗauko tsohon Littafi Mai Tsarki na babana, fassarar 1932 da Likita Walter Miller da abokan aikinsa suka yi. Da shi babana ya koyi karatu a ƙasar Malumfashi, ya kuma bar wa shafukan Ayyukan Manzanni shatin yatsunsa.

Shi ya fara ba ni labarin samari ukun nan da suka sauka Legas a Disamban 1893 da nufin kawo bishara ƙasashenmu: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida. Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya mai da shi. Sai a 1902 aka sami wurin zama a Patigi. Daga aikin nan ikilisiyar ECWA ta fito a 1954, yau mutanenta miliyoyi ne. Haka ma labarin Gimi, inda 'ya'yan Isawa suka kafa garinsu bayan sun sadu da Miller a 1913, ciwon barci ya shiga ya kashe da yawa, sauran suka watse zuwa Zariya. Daga zuriyarsu Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Na sha ba yara labaran nan, kullum kuma ina gaggawar kai su ƙarshen mai daɗi, wato miliyoyin da farfesan. Daren jiya na ga kuskurena. Gowans bai ga miliyoyi ba. Abin da ya gani zazzaɓi ne da rufin bukka. Matan Gimi da suka binne 'ya'yansu ba su ga jami'a ba. In nasararsu sai da ƙarshen nan ta tabbata, to sun mutu ba su da ita, mu ne muka ba su daga baya. Ban yarda da haka ba. In sun yi nasara, to a ranar suka yi ta, a kan tabarmar jinya, da abin da aka damƙa musu a hannu ba su sake shi ba.

Sai na koma kan Bitrus. Mutumin da ya tsorata da tambayar wata baranya a bakin wuta har ya yi musun Ubangijinsa sau uku, bayan kwana hamsin da 'yan kai ya tsaya gaban taron Urushalima ya yi magana. Aljihunsa bai canza ba, don a sura ta 3 ta Ayyukan Manzanni ma ya gaya wa gurgun da ke bara cewa ba shi da kuɗi. Abin da ya canza shi ne ya daina gudu. Istifanas kuwa, wanda littafin ya shaida cike yake da Ruhu, aikin ƙarshe da ikon ya yi a bakinsa shi ne roƙa wa masu jifansa gafara.

Ran Alhamis na roƙi ikon mayar da shanu. Jiya na guje wa tsohuwa a kasuwa. Na je addu'a da yamma na gaya wa Allah gaskiya: ba na so in ba ta, ba ni kuma da ƙarfin so.

Alhamis, 5 ga Yuni

Yau Arfa, maƙwabcina Alhaji mai mashin na azumi, sai na ɗauki ɗan kabu-kabu zuwa Dakko. Rabona da gonar tun Oktoba. Mun fita ƙarfe tara, bayan an ji labarin hanya. A hanya gonaki da yawa ba a share ba, masu su sun koma gari ko sun kasa biyan abin da ake ɗora musu kafin su yi noma.

Gonar ta cika da tohon kalgo da sabara. Da can sarewa muke yi mu ƙone. Manoman Maraɗi ne suka koya mana sassabin zamani: a kowane kututture ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sassabe sauran, ka kiyaye su daga awaki. Wani ɗan Ostareliya mai aikin mishan, Tony Rinaudo, ya yi shekaru yana dasa itatuwa a can suna mutuwa, har ya kusa fid da rai. A 1983, ya tsaya a hanya yana rage iskar taya don yashi, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido, sai ya lura cewa 'yan kurmin da ke gefen hanya ba ciyawa ba ne, itatuwa ne da aka sare, saiwoyinsu na raye a ƙasa. Daga nan manoman Nijar suka mayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 ba tare da dashe ba. A 2018 aka ba shi lambar yabo a Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Kalgon da ƙanena ya gyara shekara uku da suka wuce sun fi ni tsawo yanzu. A gindin ɗaya daga cikinsu aka tsinci takalminsa. Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, saboda ranar ni ke karɓar gaisuwa.

Da na tashi na kama sassabe, sai wani tunani ya zo mini ya ƙi tafiya. Kwana bakwai ina duban sama ina jiran a sauko mini da iko. Ko dai an riga an ba ni tun ranar da aka yi mini baftisma, ni ne duk safiya in ya toho nake bin sa da adda?

A dawowa muka wuce ta gefen gonar su tsohuwar nan. An share ta tas, an tara kara an ƙone. Jiran iri kawai take.

Juma'a, 6 ga Yuni

Sallah. Na tsaya a ƙofar gida na yi wa masu dawowa daga idi barka. Da tsakar dare hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwa har asuba. Ruwan shuka ne. Wanda bai shuka cikin kwana uku ko huɗu ba sai ya jira wani.

Asabar, 7 ga Yuni

Alhaji da kansa ya kawo mana naman layya, cinya guda. Wannan mutumin, a Nuwamba, ya sayar da ragon da yake kiwo ya kawo mini kuɗin a leda, ya ce kada in rubuta sunansa a cikin masu bashi. Muka zauna a zaure.

Ya ce, "Malam, tsohuwar nan ta biyo ta wurina ran Talata. Ban ce ka yi ba, ban ce ka bari ba, kai anka yi wa ciwo. Amma jikokin nan ba su sunka yi ba. In ka tashi, mashin shina nan."

Da ya tafi na shiga sashen matar ƙanena. Na same ta tana tankaɗe. Na gaya mata komai, har da gudun da na yi a kasuwa. Ba ta daina tankaɗen ba sai da garin ya ƙare.

"Yaya, so kake in ce na yafe? Ban yafe ba."

"Ba don ki ce haka na zo ba, Maman yara. Irin na mijinki ne, ke ke da iko da shi. In kin ce a'a, a'a ce."

Ta share fuska da bakin zane. Ta ce, "Da yana nan da tuni ya ba ta. Halinsa ke nan. Shi ya jawo yaron nan cikin gida tun farko, har yau ina jin haushinsa a kan haka." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ka ɗiba. Amma kada ka gaya mini ranar da za ka kai, kada kuma ta zo nan godiya."

Uwargida ta sauko da zangarniyoyin ta sussuka ta sheƙe, ba ta tambaye ni komai ba. Na auna tiya biyu, na sa hannu na shafe bakin kwanon kamar mai tsoron kada ƙwaya ɗaya ta wuce. Na tsaya ina kallo. Ko a kasuwa ba haka ake wa baƙo awo ba. Na juye na sake, na tula har yana zuba. Na ƙara ta uku, don in ruwa ya yi tsaiko sai an maimaita shuka.

Lahadi, 8 ga Yuni

Fentikos. Aka karanta sura ta 2 ta Ayyukan Manzanni, mutum wajen 120 a bene, iska da harsunan wuta, da 3,000 da suka tuba a yini ɗaya. Fasto ya ce kowa ya yi addu'a da harshen da uwarsa ta yi masa magana. Na ji Ibo, na ji Yarbanci, na ji Dakarci da Katafanci da Tibi, duk a ɗan ɗakin nan mai rufin kwano. Wata tsohuwar Zumuntar Mata da ta yi shekara 30 ba ta je garinsu ba ta fara da yarensu sai kuka ya kwace mata.

Ni ban ji iska ba, ban ga wuta ba. Da aka zo wurin nan a Addu'ar Ubangiji, na buɗe baki na faɗa. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa. Zafin yana nan inda yake a ƙirjina, amma buhun na zaure a ɗaure. Uwargida ta dafa bayan hannuna ba ta dube ni ba.

Da dare na kira ɗana na gaya masa. Ya daɗe bai ce komai ba, har na ɗauka layin ya yanke. Ya ce, "Baba, wannan ba adalci ba ne." Na ce na sani. Ya ce kawunsa ya koya masa hawan keke. Na ce na tuna. Kafin ya ajiye ya tambayi nawa buhun taki yake yanzu.

Litinin, 9 ga Yuni

Alhaji ya goya ni, buhun a tsakaninmu, sungumi ɗaure a gefe. Mun same ta a gonar tare da matar ɗan da yaran. Babban, mai shekara bakwai ko takwas, fuskar ubansa ce sak, har yadda yake karkata kai. Da na gan shi ƙafafuna suka yi sanyi, na ji kamar in ce wa Alhaji mu juya. Na sauka dai.

"Inna, ga abin da kika ce."

Hannuna na rawa na miƙa. Ta kwance, ta ɗebo a tafi, ta shinshina, ta sa ƙwaya ɗaya a haƙori. Ta ce, "Nashi na." Ta buɗe baki za ta ƙara, na ce ta bari, ƙasa na bushewa. Ta tura yaron ya kawo ruwa a kwanon sha. Ya durƙusa ya miƙo mini. Na karɓa na sha, na ba Alhaji.

Muka wuce tamu gonar. Ina sara da sungumi, Alhaji na bi yana zuba iri yana takewa, muna kewaye kalgon. Mun yi layi 60 kafin ya dubi rana ya ce mu kama hanya. Ɓangaren yamma sai gobe, da wake a tsakani in an sake ruwa.